Niƙabar likitocin Sudan: tambayoyin da mutanenmu ke yi, da amsoshinsu

Ni likita ne, haifaffen Mai Wurno a ƙasar Sudan. Duk inda na zauna cikin mutanenmu, ɗaurin aure ne a Gadarif ko zaman makoki a Sinnar, da an gama gaisawa tambaya biyu ke biyowa. Ta farko ciwon gwiwa ko hawan jini. Ta biyu kuwa: “Daktor, wai wace ce wannan niƙabar taku da ba a raba ta da labarai?” Wasu da sha'awa suke tambaya, wasu da fushi, musamman wanda ya taɓa kai mara lafiya asibiti ya tarar ana yajin aiki. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su da Hausa, domin yawancin abin da ake rubutawa a kan batun da Larabci ne, ga kuma 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar su ma suna son sani.

Mece ce niƙaba?

Kalmar Larabci ce, ma'anarta ƙungiyar 'yan sana'a ɗaya. Abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Mahauta na da Sarkin Fawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, masunta na da Sarkin Ruwa: shi ke sasanta su, shi ke zuwa gaban hukuma da bakinsu, shi ke tsawata wa wanda ya ɓata sunan sana'a. Inda aka bambanta, shugabancin niƙaba da zaɓe ake samunsa, kuma kuɗin tafiyar da ita daga aljihun 'ya'yanta yake fitowa.

Tana neman wa likita haƙƙinsa, wato albashi, awoyin aiki, ɗakin da mai kwanan asibiti zai miƙe bayansa, da kariya daga duka da kamu. Tana tsare mutuncin sana'ar. Sai aikin da ya fi tsaya mini a rai, faɗin gaskiyar abin da ke faruwa a bakin gadon mara lafiya. Likita ɗaya in ya fito ya ce babu iskar oksijin a asibitinsa, takardar sauyin wuri ce za ta same shi kafin ƙarshen wata. In likita dubu suka faɗa da baki ɗaya, dole a saurara.

Ba ita ke ba likita izinin aiki ba?

A'a, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Izinin aiki na hannun Majalisar Likitoci ta Sudan, wadda muke kira Majlis Ɗibbi. Hukuma ce da doka ta kafa. Ita ke yi wa sabon likita rajistar wucin gadi ya yi imtiyaz, wato zagayen koyon aiki a sassan asibiti bayan gama jami'a, sannan ya ci jarrabawarta ta ba shi rajista ta dindindin. Ita ke duba makarantun likitanci, ita kuma ke iya soke sunan likita daga rajista.

Ma'aikatar lafiya, ta tarayya da ta jihohi, ita ce mai asibitocin gwamnati, mai ɗaukar aiki da biyan albashi. Akwai kuma hukumar horar da ƙwararru da aka kafa a 1995, inda likita ke zama na'ibi, wato mai koyon ƙwarewa, na wasu shekaru kafin ya fito ikhtisasi, wato ƙwararre, a tiyata ko yara ko haihuwa. Duk waɗannan ukun na gwamnati ne. Niƙaba ce kaɗai ta likitocin kansu. Mai karatu daga Najeriya ya kwatanta Majlis Ɗibbi da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a can, niƙaba kuma da NMA, ƙungiyar likitocin Najeriya.

To me ya sa muke jin sunaye barkatai, yau lajna markaziyya, gobe lajna tamhidiyya, jibi shabaka?

Ruwa ba ya tsami banza. Da Umar al-Bashir ya yi juyin mulki ran 30 ga Yuni 1989, cikin abubuwan farko da ya yi har da rusa dukkan niƙabobi. Likitoci ba su yarda ba, suka shiga yajin aiki a Nuwamban shekarar. Martanin ya yi muni. Aka yanke wa Dakta Mamun Muhammad Husaini hukuncin kisa, sai da duniya ta yi caa aka sake shi. Dakta Ali Fadl kuwa bai fito da rai ba. Ya rasu a tsare a Afrilun 1990 sakamakon azabtarwa, a irin gidajen nan da ake kira buyutul ashbah, wato gidajen tsare mutane a asirce, hukuma ta ce wai zazzaɓin cizon sauro ne. Har yau in likitocin Sudan suka taru sai an ambaci sunansa.

A 1992 aka zo da dokar da ta sauya tushen abin gaba ɗaya. Maimakon 'yan sana'a ɗaya su haɗu a faɗin ƙasa, sai aka ce ma'aikatan wuri ɗaya su haɗu, likita da direba da akawu da mai gadi a ƙungiya guda. A ido kamar adalci. A aikace an yayyanka muryar likitoci ne gunduwa-gunduwa, aka kuma ɗora ƙungiyar likitoci ta hukuma wadda ke rawa da bazar gwamnati.

Tun daga nan likitoci ke kafa nasu kwamitoci a gefe. An yi babban yajin aiki a 2010, aka kama jagorori. A Oktoban 2016 aka sake wani wanda ya karaɗe asibitoci a jihohi da dama, kuma shi ya fito da sunan Kwamitin Tsakiya na Likitocin Sudan, lajna markaziyya. Bayan faɗuwar Bashir aka rusa ƙungiyoyin zamaninsa a ƙarshen 2019, aka samu kwamitin share fage, lajna tamhidiyya, wanda aikinsa shirya babban taro da zaɓe na gaskiya. Kafin a kai ga haka sai juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, sai Janar Burhan, shugaban soja, ya dakatar da ayyukan niƙabobi a Nuwamban 2022, sai yaƙi. Shabaka kuwa wata haɗakar likitoci ce daban da ta yi suna a lokacin yaƙin nan wajen fitar da rahotanni. Yawan sunayen tabon shekara talatin da 'yan kai ne na hana mutane zaɓen shugabanninsu.

Ina ruwan likita da siyasa? Ba allura da magani ne aikinsa ba?

Wani kawuna ya taɓa yi mini wannan tambayar, yana nuna ni da tasbaha. Amsar da na ba shi ita zan maimaita. Kawu, wanda aka harba a titi wurina ake kawo shi, ni ke ciro harsashin, ni kuma ake cewa in rubuta a takarda cewa faɗuwa ya yi. In na ƙi rubuta ƙarya, an ce na shiga siyasa. In na rubuta, na ci amanar rantsuwata.

Tarihin ƙasar ma haka ya nuna. Makarantar likitanci ta Kitchener a Hartum ta buɗe a 1924, kuma tun farko ɗalibanta na cikin 'yan ƙalilan masu ilimin zamani da jama'a ke kallo. Khalida Zahir, ɗaya daga mata biyu na farko da suka fito likitoci a 1952, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matan Sudan. A Oktoban 1964 likitoci na cikin haɗakar ƙungiyoyin sana'a da ta kawar da mulkin Janar Abbud. A Afrilun 1985 yajin aikin gama-gari ya kai shugaba Numairi ƙasa, kuma shugaban niƙabar likitoci na lokacin, Dakta Jazuli Dafa'allah, shi ya zama firaministan riƙon ƙwarya har aka yi zaɓe ya miƙa mulki a 1986. Wannan ne dalilin da ya sa Bashir bai yi wasa da niƙabar ba.

A Disamban 2018 da farashin burodi ya tashi daga fam ɗaya zuwa uku, zanga-zanga ta fara daga Damazin da Atbara. Kwamitin likitoci na cikin ginshiƙan Tajammu'ul Mihaniyyin, gamayyar 'yan sana'a da ta ja ragamar boren. Wani matashin likita, Muhammad Naji al-Asam, ya zama kakakinta, aka kulle shi tun farkon Janairu. Ran 9 ga watan jami'an tsaro suka kutsa asibitin Umdurman da barkonon tsohuwa. Ran 17 aka harbe Dakta Babikir Abdulhamid a unguwar Burri, inda yake kula da waɗanda suka ji rauni. Bashir ya faɗi ran 11 ga Afrilu 2019.

Ina da iyaka a nan, kuma ba na ɓoye ta. Niƙaba ta yi magana a kan kisa da azabtarwa da kutsen asibiti, wannan wajibinta ne. Ta zama reshen wata jam'iyya, wannan ban yarda da shi ba, ko wace jam'iyya ce.

Yajin aikin likita ba zaluntar talaka ba ne?

Wannan ce tambayar da ta fi nauyi, kuma mai yin ta yana da gaskiyarsa. Mai kuɗi in asibitin gwamnati ya rufe, sai ya wuce na kuɗi ko ya hau jirgi zuwa Alƙahira. Mutumin da ya sayar da akuya ya ɗauko matarsa daga ƙauye a bayan lori, shi ke kwana a gindin bishiyar asibiti.

Saboda haka al'adar yajin aikin likitoci a Sudan ita ce a janye daga abin da muke kira halat barida, wato ciwon da zai iya jira: ganin likita na yau da kullum, tiyatar da aka sa wa rana. Hawadis, wato sashen gaggawa, da ɗakin haihuwa, wankin ƙoda da ɗakin masu tsananin ciwo ana barin su a buɗe. Ban ce babu cutarwa ba. Mai ƙaba da aka ɗaga wa tiyata ya cutu, mai sukari da bai ga likita ba ya cutu. Akwai kuma lokutan da aka janye har daga hawadis bayan an doki likita, kuma ban taɓa samun natsuwa da hakan ba.

Amma a duba abin da ake nema. Manyan buƙatun yajin 2016 su ne a wadata hawadis da kayan ceton rai, a tabbatar da maganin gaggawa kyauta, a kare ma'aikata daga duka, a gyara horar da likitoci. A takarda, awa 24 na farko a hawadis kyauta ne tun shekarun 1990. A zahiri na sha yaga 'yar takarda in rubuta wa ɗan'uwan mara lafiya kanula, ruwan drip, safar hannu, sirinji, in ce ya ruga kantin magani na bakin ƙofa. Na ɗinke rauni da fitilar waya, wata sista na riƙe mini. Asibitin da ke haka ya daɗe da shiga yajin aiki, sanarwa ce kawai ba a yi ba. Kafin a kai ga ajiye aiki ana rubuta takardun koke, ana zama da ma'aikata, ana ba da wa'adi. Niƙaba mai ƙarfi wadda gwamnati ke jin maganarta ba ta cika kaiwa ga yaji ba, tun a teburi ake gamawa.

Likita ya yi mana sakaci har muka yi rashi. Niƙaba za mu kai wa ƙara?

Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba ku haƙuri. Ƙarar ba wurin niƙaba take zuwa ba. Ku fara da rubuta koke ga shugaban asibitin, ku riƙe kwafi. Sannan ku kai Majlis Ɗibbi, wadda ke da kwamitin sauraron ƙorafi kuma tana iya gargaɗi, dakatarwa ko soke rajista. Ƙofar kotu ma a buɗe take. Ku adana komai: katin asibiti, takardun magani, sakamakon awo, rana da lokaci, sunan sashen da aka kwantar. Ku rubuta abin da ya faru tun yana sabo a ƙwaƙwalwa.

Na san mutanenmu, da an yi rashi sai a ce kwana ne ya ƙare, a bar wa Allah. Haka ne, kwana ya ƙare. Sai dai yarda da ƙaddara bai hana a bincika ba, domin sakacin da aka rufe yau gobe wani gidan zai shiga. Niƙaba na iya samar wa likitan lauya, haƙƙinsa ne a saurare shi. Ba hurumin ta ba ne ta binne laifinsa.

Me ya sa kuke ta kuka da dukan likitoci? Yana faruwa da gaske?

Yana faruwa, daga dangin marasa lafiya da kuma masu kaki. Yawansa ne ya sa gwamnatin riƙon ƙwarya ta fitar da dokar kare likitoci da ma'aikatan lafiya da asibitoci a 2020, lokacin korona, bayan matsin lambar kwamitocin likitoci.

Bari in ba da abin da na gani. Wani dare cikin damina, ina imtiyaz, aka kawo yaro ɗan shekara huɗu, zazzaɓi ya shanye masa jini, tafin hannunsa fari fat, numfashi sama-sama. Abokiyar aikina ta ce jini yake buƙata yanzu, kuma babu a ma'ajiya. Mutumin da ya kawo shi Larabcinsa kaɗan ne. Abin da ya fahimta shi ne an ƙi ba ɗansa jini. Sai ya cakumi wuyan farar rigarta. Na ji yana cewa cikin haƙora, “Don mu talakawa ne.” Na matso na ce, “Kawu, sake ta. Wallahi ba ɓoyewa aka yi ba, babu ne. Zo a auna naka.” Ya juyo ya dube ni kamar wanda aka tasa daga barci, hannunsa ya saki. Jininsa ya dace, aka ɗiba, aka ɗaura wa yaron kafin asuba. Da gari ya waye ya zo ya tsuguna gaban yarinyar nan yana ba ta haƙuri, ni ina fassarawa. Ita kuwa hannunta bai daina rawa ba har muka miƙa aiki.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya bar ma'ajiyar jini fayau yana gida yana barci, wadda ke tsaye da ƙarfe uku na dare ita ke shan mari. Aikin niƙaba a nan biyu ne, ta kare ta, ta kuma nuna wa jama'a inda matsalar ta samo asali.

Wa ya ba ku ikon ƙidaya matattu? Sau da yawa lissafinku na saɓa wa na gwamnati.

Babu wanda ya ba mu, gawa da mai rauni ne ke biyowa ta hannunmu. Likitan da ke hawadis ko ɗakin ajiye gawa shi ke aika suna, shekaru da inda harsashi ya shiga, kwamiti ya tantance sannan ya fitar. Da aka tarwatsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja ran 3 ga Yuni 2019, kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum 100, ma'aikatar lafiya ta ce 61. Bayan juyin mulkin 2021 kwamitin ya bi sunayen masu zanga-zangar da aka kashe ɗaya bayan ɗaya har suka haura 120.

Mu Hausawa mun ɗanɗana amfanin wannan. A rikicin jihar Nilul Azraƙ na Yulin 2022, da wanda ya biyo a Wad al-Mahi cikin Oktoba, inda ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu, asibitocin Damazin da Rusairis sun cika sun batse. Likitoci na cikin waɗanda suka fito suka ce babu magungunan ceton rai, a kawo ɗauki, a kwashe masu munanan raunuka. A gadajen nan an kwantar da 'yan kowane ɓangare, kuma haka ya kamata.

Wani abu da ya shafi kowa: Urnik 8, takardar 'yan sanda da likita ke cikewa a kan rauni. Ita ce hujjarka a kotu. Likitan da ya san akwai ƙungiya a bayansa ya fi ƙarfin halin rubuta abin da idonsa ya gani.

Tun da yaƙi ya ɓarke, me ta tsinana?

Yaƙi tsakanin soja da dakarun Da'am Sari, wato RSF, ya fara ran 15 ga Afrilu 2023, a tsakiyar Hartum inda manyan asibitoci da mafi yawan ƙwararru suke. A makonnin farko kwamitin share fage ya riƙa fitar da bayani kusan kullum a Facebook: wane asibiti ke aiki, wanne aka yi wa luguden wuta, wanne aka tilasta kwashewa. Shi ya sanar cewa kusan kashi 70 cikin 100 na asibitocin yankunan faɗa sun tsaya. Ga mai mace a kan gwiwa ko mai wankin ƙoda, sanin ƙofar da ke buɗe shi ne rai. An haɗa lambobin likitoci masu ba da shawara ta waya, an yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗakunan agajin gaggawa na matasan unguwanni. Ƙungiyoyin likitocin Sudan na Ingila da Amurka sun tara kuɗi sun riƙe wasu asibitoci da albashi da man janareta. Cikin waɗanda muka rasa a watan farko akwai Dakta Bushra Ibnauf Sulaiman, malami a jami'ar Hartum, wanda ya bar aiki a Amurka ya dawo koyarwa.

Wad Madani ta karɓi marasa lafiyar Hartum, masu ciwon daji da na ƙoda, har ita ma ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023. Sinja ta bi a ƙarshen Yunin 2024, mutanenmu na gaɓar kogi suka watsu zuwa Gadarif da Kasala, inda kwalara ta tarye su a daminar shekarar. Niƙaba ba ta da jirgi, ba ta da rumbun magani. Murya gare ta da rajistar abin da ya faru, da sunayen ma'aikatan lafiyar da aka kashe.

Likitocinmu sun cika Saudiyya. Can ma akwai niƙaba?

Babu. Dokar Saudiyya ba ta ba da damar niƙaba ko yajin aiki ba. Abin da ke akwai shi ne Hukumar Ƙwarewar Lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa a 1992, mai tantance takardu da ba da matsayi da rajista, sai ƙungiyoyin ilimi na fannoni. Likitan Sudan da zai tafi yana buƙatar shaidar kyakkyawan hali daga Majlis Ɗibbi, a tantance takardunsa ta kamfanin DataFlow, ya zauna jarrabawar neman izinin aiki ta Prometric. In rigima ta haɗa shi da mai asibiti, kwantiraginsa da kotun ƙwadago ne gatansa, don haka ya karanta kowane layi kafin ya sa hannu.

Ba na zargin wanda ya tafi. Albashin da ba ya kai mutum tsakiyar wata ba ya riƙe kowa, kuma gidaje da yawa a Gadarif da Kasala da kuɗin waɗannan likitocin suke cin abinci yau. Amma duk wanda ya tafi, wani ƙauye ya rasa. Hana fita da ƙarfin doka bai taɓa aiki ba. Abin da niƙaba ta daɗe tana faɗa shi ne a gyara albashi, a buɗe guraben horo, a sa wa mai aikin karkara gida da alawus.

Hakim da sista da daya suna cikinta?

A'a, kowane rukuni da nasa ƙungiyar, haka masu haɗa magani da ma'aikatan awo. Amma a ƙauyukanmu hakim, wato mataimakin likita, da daya mai karɓar haihuwa su ne asibitin. A ƙauyukan gaɓar Rahad da Atbara, hakim ne ke fara gane cutar kala-azar daga kumburin saifa da zazzaɓin da ya ƙi jin magani. Duk buƙatar da likitoci za su kai gaban gwamnati ba tare da su ba, gurguwa ce.

Tsofaffinmu da yawa ba sa jin Larabci sosai. Wannan ya shafi niƙaba?

Ya kamata ya shafe ta, kuma har yanzu ban ga ta ɗauke shi da muhimmancin da ya dace ba. Wata goggo ta zo da jikanta yana yi mata tafinta. Ta ce zuciyarta ke tashi. Yaron ya juya wa likita da Larabci cewa zuciyarta ce ke ciwo. Aka tura ta awon zuciya, ta biya kuɗin da ba ta da shi, alhali amai take ji, cikinta ne ya ɓaci. Mace ta ce tana da sanyi, a fassara da mura. Wata kuma ba za ta taɓa faɗin ciwonta na mata a gaban ɗan da ta haifa ba, sai ta ce ciwon kai, a ba ta panadol ta koma gida da abinta.

Ba mu kaɗai ba ne. Mai jin Bijanci a Bur Sudan, Bafulatani, mutumin dutsen Nuba, duk suna shan wannan. Ƙungiyar likitoci na iya matsawa a sa masu tafinta a manyan asibitoci, mata ga mata, a kuma tura likita yankin da yake jin harshensa. Irin wannan magana sai mai ɗaki, shi ya san inda yake masa yoyo. In babu 'ya'yanmu a zauren taron, babu mai tayar da ita.

Kai ɗan ciki ne. Ba ta da laifi ko ɗaya?

Tana da su. Idonta ya fi karkata ga Hartum da Madani, likitan da ke can ƙuryar Dindir ko Galabat sai ya ji kamar ba a san da shi ba. Rigimar jam'iyyu ta sha raba kan 'ya'yanta, kowane ɓangare na cewa shi ne halastacce. Shekaru sun shuɗe ba a yi zaɓen gama-gari da kowa ya yarda da shi ba, ko da yake mafi yawan laifin wannan na masu mulki ne. Sannan bakinta ya fi kaifi a kan gwamnati fiye da a kan 'ya'yanta. Ƙwararren da ke barin asibitin gwamnati da hantsi ya tafi iyadarsa, wato ƙaramin asibitinsa na kuɗi, da mai rubuta awon da ba a buƙata, da mai yi wa ɗan ƙauye tsawa don bai iya bayani ba, duk mun san su. Ina so in ga ranar da niƙaba za ta kira irin waɗannan ta ja musu kunne tun kafin mara lafiya ya kai ƙara.

'Yata na ajin ƙarshe a likitanci. In bar ta ta shiga, ko in ce ta kama kanta?

Hajiya, tsoronki na da dalili, sunayen da na ambata a sama mutane ne masu iyaye. Amma shiga niƙaba ba shi ne hawa kan mota da lasifika ba. Mafi yawan aikin a cikin asibiti yake: kwamitin da ke tsara jadawalin kwana don kada mutum ɗaya ya yi dare uku a jere, mai bin alawus ɗin 'yan imtiyaz da aka riƙe, mai rubuta abin da ya ƙare a hawadis, mai raka abokiyar aiki ofishin 'yan sanda in an ci zarafinta. Ranar da wani ya cakumi rigarta, waɗannan ne za su tsaya mata.

Ki ce ta fara gama rajistarta da Majlis Ɗibbi, ta adana asalin takardunta da hotonsu a waya da wurin wani ɗan'uwa a wani gari, domin yaƙin nan ya raba likitoci da yawa da takardun shaidar karatunsu. In ta fara imtiyaz ta nemi wakilin likitoci na asibitin, ta halarci zama, ta saurara wata biyu ko uku kafin ta ɗauki wani nauyi. Kuma duk ranar da ta ji tsohuwa na fama da Larabci a bakin gado, ta matsa ta gaishe ta da Hausa, ta tambaye ta da kanta ina ke ciwo.